Nomau da Wayar Baturiya

A Unguwar Gawo an yi wata dattijuwa, Hajiya Yalwa, wadda ba a taɓa jin muryarta a bayan katanga ba. 'Ya'yanta biyu ne. Lawandi, ɗan fari, makaɗi ne da jitarsa mai lantarki ta kai shi har ƙasashen Turai. Ƙaninsa Nomau gemu ya cika masa fuska, amma magana yadda aka ajiye masa ita haka yake ɗaukarta, ba ragi ba ƙari. Shi ke ɗaukar wa yayansa kayan kiɗa. Hajiya kuwa, bisa alkunya irin ta iyayenmu, ba ta taɓa kama sunan ɗan farinta ba, balle ta yabe shi. "Wancan" take ce masa.

Wata rana aka gayyaci Lawandi wasa a garin maƙwabta. Ya miƙa wa Nomau jita ya ce, "Kada ka bari kowa ya taɓa ta." Da lokacin wasa ya yi ya dawo ya miƙa hannu, sai Nomau ya rungume ta.

"Ni ne fa, Nomau."

"Na gan ka, Yaya. Kowa ka ce."

Aka yi lallashi, aka yi faɗa, bai saki ba. Dole Lawandi ya ari kukumar wani tsoho ya lallaɓa. Daga ranar kukuma ta shiga hannunsa.

Wata rana kuma fatar kalangu ta yi sanyi da damina. Lawandi ya ce, "Kai shi rana, kada inuwa ta same shi." Nomau ya ajiye shi a tsakar gida, inuwar katanga ta matso. Ya kai shi ƙofar gida, inuwar dalbejiya ta biyo shi. Sai ya ɗora shi a ka ya nufi yamma yana bin rana, har ta faɗi ta bar shi a gonar mutanen da bai sani ba. A wasan ranar sarewa Lawandi ya busa. Mutanen gari kan ce rabin gwanintarsa Nomau ne ya koya masa, kuma ba da gangan ba.

Wata rana sai ga wata Baturiya mai haɗa fim ta zo ɗaukar tarihin Lawandi. Ba ta jin Hausa, amma tana da waya mai fassara: a yi magana, ta juya ta a bayyane. Nomau aka ba riƙon wayar. Baturiya ta tambayi Hajiya yadda take ji da ɗanta. Hajiya ta kau da kai ta ce, "Wancan? Ni ba ruwana da shi. Me ya iya ban da surutu?"

Matan gidan suka yi murmushi, domin sun san wannan magana cike take da ƙauna. Wayar ba ta sani ba. Ta kwashe kalmomin ta juye wa Baturiya su tsirara. Idon baƙuwa ya kawo ruwa, ta yi magana, wayar ta mayar da Hausa: "Abin tausayi. Uwa ta yafe ɗanta saboda kiɗa. Da wannan zan buɗe fim ɗin."

Hajiya ta tashi ta shige ɗaki. Idan ta yi shiru, duniya za ta ji cewa gidanta gidan da ake yafe ɗa ne. Idan ta fito ta yabe shi, ta zubar da kunyar da ta riƙe tun ranar da ta haife shi. Ta buɗe adaka ta ciro 'yar rediyon da take ɓoyewa, mai ɗauke da duk kiɗan Lawandi, ta kara a kunne. Nomau ya leƙo ya gan ta tana share hawaye.

"Inna, ashe kiɗan Yaya kike ji kullum in kin rufe ƙofa?"

"Kul! Kada in ji ka faɗa wa wani mahaluki ɗan Adam."

Nomau ya koma tsakar gida, magana tana cin sa. Ya dubi Baturiya, mutum ce. Ya dubi yayansa, mutum ne. Ya dubi abin da ke hannunsa, ya juya shi gaba da baya. Sai ya kai shi bakinsa ya raɗa masa komai: rediyon, da hawayen, da rufe ƙofar. Wayar ta ɗaga murya ta faɗa da Turanci.

Lawandi, wanda yawon duniya ya koya masa harshen, ya sunkuyar da kai. Baturiya ta rufe abin ɗaukar hotonta, ta roƙa a yi mata bayanin wannan al'ada tun daga tushe.

Hajiya ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, mayafi ya rufe rabin fuskarta.

"Inna, ban faɗa wa mutum ba," in ji Nomau.

Ta dube shi. Sa'an nan ta ce, "Ka gaya wa wancan tuwonsa yana hucewa."