Yadda Ake Mayar Wa Zomon Aji Dauɗarsa Kafin Litinin

Idan kana zaune a ƙasar mutane, kuma kana da yaro a ajin farko, wannan darasin naka ne. Wata Juma'a yaronka zai fito daga makaranta rungume da dabbar tsumma da littafi mai kaurin bango, a ce maka baƙonku ne har Litinin. Ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari za ka mayar da baƙon yadda aka ba ka shi, babu wanda zai ɗago kai ya dube ka. An gwada hanyar a gidan maƙwabcina, direban bas, wanda muke kira Baban Aku. Ta yi aiki ɗari bisa ɗari, in ka cire yadda abin ya ƙare.

1. Ka fara sanin waye baƙon

Kada ka ɗauka abin wasa ne. Na ajin su Aku zomo ne na auduga, ruwan ƙasa, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Duk ƙarshen mako yana kwana a gidan yaro ɗaya. Iyaye su fita da shi yawo, su ɗauki hoto su manna a littafin, ran Litinin yaron ya tsaya gaban aji ya ba da labari.

Ka riƙe wannan na ƙarshen da kyau. 'Yar maƙwabcina shekararta shida, kuma ba don komai ake ce mata Aku ba sai don bakinta ba ya hutawa a gida. Tana wanka tana magana, cokali na bakinta tana magana. Amma wata bakwai da shigarta makarantar nan, malamar ajin ba ta taɓa jin muryarta ba. Yaren ƙasar ta iya shi, ta fi ubanta nesa ba kusa ba, a bakin get kawai take kulle bakinta. Sau biyu ana kiran Baban Aku a kan maganar, ya zauna a kujerar yara, gwiwoyinsa na taɓa haɓarsa, yana gyaɗa kai. Abin yana cin ransa, bai dai gaya wa kowa ba.

To, a Juma'ar nan da aka tambayi wa zai tafi da zomo, Aku ta ɗaga hannu. Hannu kawai, ba magana. Malama har bakin get ta biyo uban ta gaya masa.

2. Kada ka buɗe littafin

Za ka buɗe, na sani. Baban Aku a tsaye ya buɗe a kicin, ko rigar aiki bai cire ba. Shafin farko zomo a jirgin ruwa. Na biyu zomo a kan dutse, da 'yar hular da aka saƙa masa musamman. Can gaba zomo a kujerar matuƙin jirgin sama, uban yaron na bayansa yana washe baki.

“Wannan zomon ya fi ni ganin duniya,” in ji Baban Aku.

“Ya dai fi ka dauɗa,” in ji Maman Aku, ta ɗaga zomon da yatsu biyu.

Mai hankali a nan zai sha jinin jikinsa. Baban Aku dariya ya yi ya tafi neman abinci.

3. Kada ka bar baƙo shi kaɗai da mai aikin wanki

Maman Aku a ɗakin wanki na wani otal take aiki, zanin gado ɗari huɗu ke bi ta hannunta kullum. Mace ce da za ta shinshina tabo ta gaya maka kwanansa nawa. Irin wannan matar ba a bar mata zomon da ya kwana a gida ashirin da uku a bana kaɗai, a tafi sayen burodi.

Ran Asabar da safe Baban Aku ya kama hannun 'yarsa suka tafi sayen burodi.

Da suka dawo, zomo na rataye a igiyar shanya ta bakin taga, an maƙale shi ta kunne. Fari fat. Ba ruwan ƙasa ba ne, bai taɓa zama ruwan ƙasa ba. Baban Aku ya tsaya da leda a hannu yana kallonsa.

“Maman Aku, me kika yi wa baƙon mutane?”

“Wanka. Sau uku na canza ruwa. Haka kake so ya sake kwana a kan matashin 'yata?”

“Amana aka ba mu fa.”

“Ai shi ya sa ban sa masa bilic ba.”

Aku ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta dubi zomon ta ce, “Za su ce na ɓatar da shi na sayo wani. Ni ba zan je Litinin ba.” Ta shige ɗaki ta zauna a bakin gado. Minti goma, minti ashirin, gidan tsit. Shirun makaranta ne ya biyo ta gida, kuma Baban Aku bai taɓa jin tsoron wani abu a ƙasar nan kamarsa ba.

4. Ka bar neman mai laifi, dauɗa za ka nema

Ka fahimci aikin da ke gabanka. Dauɗar shekaru ba a sayar da ita a kanti. Haɗin gwiwa ce ta hannun yara da ƙasan mota da madara da majina, kowane gida ya ba da gudummawarsa. Kai kuma kwana ɗaya da rabi gare ka.

Za ka fara tunanin shayi. Kowa da shayi yake farawa. Baban Aku ya dafa mai kauri a kwano, ya tsoma ƙafar zomo ɗaya, ta fito ruwan ɗorawa kamar ƙafar kaza. Maman Aku na jingine a ƙofar kicin, hannu harɗe a ƙirji.

“Shayi ba ya ba da wannan launin.”

“To me yake bayarwa?”

“Ni cirewa na koya, ba sawa ba.”

Ta faɗi haka ne tana kallon ƙofar ɗakin da 'yarta ke ciki. Jim kaɗan ta ɗauko mayafi da jaka ta ce a tashi, dauɗa a waje take.

5. Ka fita da shi yawo

Nan ne ilimin yake. Ka zaɓi filin wasan yara mai yashi da ciyawa, in da tafkin agwagi ya fi. Ku hau bas, ka ajiye zomo a ƙasan kujera. Baban Aku layinsa suka hau, abokin aikinsa ke tuƙi, ya tambaye shi me zomo ke yi a ƙasa alhali ga kujeru. Ya ce masa zomon ba ya son taga.

A filin wasa ka tura shi a lilo har ya faɗo. Ka binne shi a yashi ka tono. Ka ja shi a ƙasa daga wannan benci zuwa wancan. Mutane za su tsaya kallo, musamman tsofaffi masu karnuka. Ka haɗe fuska kamar aikin hukuma kake yi, ba mai tambayarka. Ka dai sani cewa ƙasar wasu ƙasashen ba ta da zuciya: Baban Aku ya yi rabin awa yana jan zomo, da ya kakkaɓe shi sai ya koma fari.

Maman Aku na zaune a benci, hannunta na kai-komo a bakin jaka inda tsumman goge-goge yake. Aku na gefenta, ta zuba tagumi. Can uwar ta miƙe.

“Ba ni shi nan. Kana ɓata mana lokaci. Ciyawa ake fara sawa, ita ce ba ta fita.”

Ta durƙusa da mayafinta da komai, ta kama zomon da hannu biyu ta murza shi a ciyawa yadda take murza wuyan riga. Ta aiki mijin ya sayo askirim mai ja, ta ce shi ma ba ya fita in ya bushe. Ta shafa gindin zomo a sarƙar lilo don ya samu baƙin mai. Mace mai zanin gado ɗari huɗu, tana aikin da tun tana yarinya take yaƙi da shi, fuskarta ba alamar wasa.

Aku ta fara da murmushi, sannan dariya ta ƙwace mata. Ta karɓe wayar ubanta ta shiga ɗaukar hoto tana ba da umarni.

“Mama, ki ƙara a cikinsa! Baba, kai riƙe ƙafar, ba ka iya ba!”

Daga nan bakin ya buɗe. Ta yi wa agwagi magana, ta yi wa karen wata tsohuwa magana, ta ba zomo haƙuri. Baban Aku na riƙe da ƙafar zomo ya tuna cewa tun zuwansu ƙasar nan ba su taɓa wuni a waje su uku ba, in yana gida matar na otal, in tana gida shi yana kan titi. Daɗi ya kama shi, kunya ma ta kama shi.

6. Ka duba aikinka da hasken rana

Ran Lahadi suka ɗora zomo a kan tebur suka zagaye shi. Ciki kore, ƙirji ja, ƙafa ɗaya ruwan ɗorawa, gindi baƙi. Sauran jikin fari fat, yana ƙamshin sabulu.

A irin wannan lokacin maigida yakan kawo shawara. Ka bar shi ya kawo, ba ta cutarwa. Baban Aku ya ce a rubuta a littafin cewa zomo ya ga kare ya tsorata ya yi furfura. Maman Aku ta ce a hankali, “Ko in sake wanke shi?”

“A bar shi haka,” in ji Aku.

Da aka fitar da hotunan a takarda, ita ta zaɓa ta manna. Ba ta ɗauki na agwagi ba, wanda zomo bai fito sosai ba. Ta ɗauki wanda uwarta ke durƙushe a ciyawa.

“Me za ki ce musu gobe?” uban ya tambaya.

Ta ɗaga kafaɗa. Amma ta sa zomon a jakar makaranta da hannunta.

7. Ran Litinin kada ka laɓe a bakin aji

Abin kunya ne ga babban mutum. Ka kai yaro, ka wuce aikinka. Baban Aku musayar duti ya yi da abokin aikinsa, ya tsaya a barandar da ake rataye rigunan sanyin yara, ya ɗan rusuna yana leƙe ta gilashin ƙofa.

Malama ta kira Aku. Ta fito gaban aji, ta zaro zomon daga jaka. Sai ɗan matuƙin jirgin nan na cikin hoto ya miƙe ya ce, “Ba shi ba ne!” Sauran suka ɗauka. Aku ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta. Malama ta matso za ta ce ta koma ta zauna. Hannun Baban Aku har ya kai kan mariƙin ƙofa.

“Shi ne.”

Muryar Aku ta gida ce, wadda ke ratsa ƙofar banɗaki ta iske mutum a kicin.

“Ga kunnensa nan a kwance. Mamana ce ta yi masa wanka, aikinta ne, ta fi kowa iyawa. Da ma fari ne, ku ne ba ku sani ba.”

Sai ta juya zomon ta fara bin tabon ɗaya bayan ɗaya. Wannan ciyawa ce. Wannan askirim ne, babana ya sayo. Wannan shayi ne, babana bai iya ba. Da yaren ƙasar take yi, da gudu, rabi kawai Baban Aku yake kamawa. Yara suka taso suka kewaye ta. Malama ta zauna a bakin tebur, hannu a baki. Daga baya ta gaya masa ita ta sayi zomon shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ta manta fari ne.

Labarin zomo minti uku ake ba shi. Ƙararrawa ce ta tsayar da Aku. Baban Aku kuka ya yi, ba wani ɓoye-ɓoye, ya share fuska da abin da hannunsa ya fara samu, wato hular sanyin ɗan wani.

8. Ka shirya wa abin da zai biyo baya

Ran Laraba Aku ta dawo da buhun dabbobin tsumma. Giwa biyu, kada ɗaya, biri, da wani abu da har yau ba a gane ko wace dabba ce ba, da takarda daga malama tana roƙon alfarmar a wanke su. Giwa ɗaya ta fito shuɗiya.

Sanarwa

Mai wannan darasi ba ya ɗaukar alhakin komai. In ka bi matakan nan zomonka bai koma ruwan ƙasa ba, na Baban Aku ma bai koma ba. In igiyar shanyarka ta cika da dabbobin makaranta, tsakaninka da mai wankin gidanka. In kuma aka sake kiranka ka zauna a kujerar yara, aka miƙa maka takarda cewa 'yarka ta cika surutu tana hana aji karatu, kada ka ƙwanƙwasa mini ƙofa. An ba Baban Aku irin wannan takardar bayan wata ɗaya. Ya sa hannu, ya yi alkawarin zai ja mata kunne. Tana nan ninke a aljihun rigar aikinsa, kuma duk sanda bas ta kai ƙarshen layi fasinja suka sauka, yakan ciro ta ya sake karantawa.