Yaƙin Malam Jatau da Ramar Cikin Raga

Da sunan Mai sama muke buɗe baki, mu ambaci gwarzo ɗan gwarzo, Malam Jatau ɗan Cindo ɗan Gagare, jikan wanda ya kori kura da muciya, tattaɓa-kunnen wanda ya faɗa rijiya ya fito da gugan da ba nasa ba. Ƙi-gudu sa-gudu, toron giwan Unguwar Marina, tsohon masinjan ofishin gona, wanda ya shekara talatin yana kai takardun noma daga tebur zuwa tebur har ya ɗauka shi ma manomi ne.

Asalin fitinar wani fili ne taku goma a bayan ɗakinsa. Uwargidansa Tasalla tana son wurin don kajinta, shi kuwa ya rantse gona ce. Aka ƙulla alkawari: damina ɗaya. In ya cika mata ƙwarya da ramar kwaɗo daga filin, ya zama nasa har abada. In ya kasa, kaji su gaje shi.

Ana nan sai wahayi ya sauko masa ta wayar da 'yarsa ta saya masa. Ya ga wani Bature mai gemu ya shimfiɗa raga bisa wata shuka mai ganye kamar yatsun hannu, yana lanƙwasa kawunanta ƙarƙashin ragar don ta bazu ta yi rassa. Baturen ya jera iri kala-kala, yana yabon wannan yana kushe wancan, da wani Turanci mai gudu wanda gwarzonmu bai kama ko wutsiyarsa ba.

"Rama!" in ji Malam Jatau, ya miƙe tsaye. "Ashe Turawa ma suna cin kwaɗo!"

Ni dai mai ba ku labari na rantse, duk wanda ya san gari kallo ɗaya zai yi ya ce wiwi ce. Amma bawan Allahn nan daga masallaci sai gida, ko sigari bai taɓa riƙewa ba. Abin da ya fahimta kawai shi ne ba kowane iri ke yarda da raga ba, sai mai miƙa, mai lanƙwasuwa bai karye ba.

Ranar kasuwa ya yi azama, ya ɗaura ɗamara, ya tunkari rumfunan masu iri da tawakkali irin na mazan jiya, ya ɗaga waya sama kowa na ganin hoton, ya kece da kirari:

"Wa ke da irin wannan? Mai ƙarfi nake so, wadda in ka ci za ka ji ta har ƙwaƙwalwa!"

Tsami yake nufi, jama'a, tsami! Amma kafin ya rufe baki rumfa uku sun watse, mai barkono ya bar mudunsa, wani yana ta salati. Sai Inna Dije, tsohuwa mai sayar da iri wadda idonta ya fara hazo, ta kanne ido ta leƙa.

"Yo wannan ai rama ce, Malam. Fara kake so ko ja?"

Nan aka yi zaman shawarar da tarihi bai ga irinta ba. Ya auna fara, ya shinshina ja, ya ciji ƙwaya ya tofar, ya nemi nasabar kowacce har kaka da kakanni, daga azahar har la'asar, sannan ya yanke hukunci: ja, mai tsagaggen ganye.

Ya samo tsohuwar ragar golan ƙwallo, ya kafa turaku huɗu, aka ja daga. Wata biyu cur ana gwabzawa. Kullum da safe ya tura kawunan ƙarƙashin raga yana ruri, "Kwanta, 'yar nema!" Kullum rama ta sake leƙowa ta nufi sama, don ita tun da aka halicce ta ba ta san kwanciya ba. Duk da haka ta yi kore shar, har ya sa ranar tsinka.

Ashe zancen kasuwa ya daɗe da zaga unguwa, wai wiwi yake nomawa. Da hantsin ranar tsinkar sai ga Mai unguwa Sallau da rundunar 'yan sintiri takwas, kowa da gora. Ba sallama ba tambaya suka afka wa gonar, suka tumɓuke ta kaf. Sai da ƙura ta lafa Mai unguwa ya tsinki ganye ɗaya ya tauna. Fuskarsa ta yamutse.

"Subhanallahi. Rama ce, kuma wallahi ta yi tsami." Ya yi gyaran murya. "Amma baki ɗaya ba ya yanke shari'a. Kowa ya ɗebi nasa ya je gida a tabbatar."

Haka ganima ta fice dami-dami, ba a bar ko ganyen rantsuwa ba. Malam Jatau ya tsaya tsakiyar turaku huɗu, an wanke sunansa tas, amma don baƙin ciki har idonsa ya kawo ruwa.

Tasalla ta fito, ta dubi ƙasa, ta dubi mijinta, ta yi masa sannu har sau biyu da muryar tausayi.

"Sai haƙuri, Malam. Amma don Allah kar ka cire ragar nan, shirwa ta dame ni a kan 'yan tsaki."