Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Shagon Kabiru Mai Hoto

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa wuya ga abin da Allah Ya hukunta, ni Zahara'u, matar marigayi Kabiru mai hoto, a madadin ƴaƴana da ƙanin mijina Lawali, nake sanar da ƴan uwa da abokan arziki na Madarumfa, Safo, Sarkin Yamma da kewaye rasuwar kwamfutar shagonmu, wadda yara suka laƙaba wa suna Gwaggo. Ta cika ranar Alhamis da hantsi, a kan teburinta, tana tsakiyar aiki, bayan doguwar jinya da ɗan gajeren sauƙi.

Ba mu san shekarunta na gaskiya ba. Ƴar gwanjo ce. Ta yi ƙuruciyarta a wani ofis na ƙasar Turai, ta biyo jirgin ruwa zuwa Kwatano, daga can ta hau mota har Maraɗi. Kabiru ne ya ɗauko ta a bayan moto, naɗe cikin bargo, lokacin ina da cikin ɗiyarmu Farida, wadda yanzu ta isa ɗaura zane da kanta har tana yi mini gardama.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta sha ɗaukewar kuran ba adadi, a tsakiyar aiki, ba sallama, amma da wuta ta dawo sai ta tashi kamar ba a yi mata komai ba. Ta yi bazara a shagon kwano. Ta haɗiye hayaƙin masu suyar kifi da ke shigo mana daga bakin tasha. Ɓera ya taɓa haihuwa a cikinta, ba ta kai ƙara ba. Idan aka taɓa maɓallinta da safe, takan ce "tiit" sau ɗaya, kamar mai amsa gaisuwa a taƙaice, sannan fankarta ta ɗauki "wurrr" har magariba. Da wannan sauti ƴaƴana suka yi barcin rana a ƙarƙashin tebur.

Babu gidan da ba ta shiga ba a garin nan, ko da yake ba ta taɓa barin teburinta ba. Hoton ɗan lakkol mai shirin jarrabawa, hoton kart dantite, wato katin shaida, na tsohon da bai san inda zai sa idonsa ba, suna, aure, saukar karatu, masuncin da ya kama babban kifi a tabki ya rantse sai an ɗauka kafin a yanka, duk ta hannunta suka bi. Ta goge wa amare ƙuraje ba ta faɗa wa kowa ba.

Da Allah Ya karɓi ran Kabiru, dangi suka ba ni shawara in sayar da kayan shago in kama sana'ar ƙuli. Ba mugunta suka nufa ba. Bayan na fita takaba na buɗe shagon don in share, sai na taɓa maɓallin, ta amsa. Komai yana nan yadda ya bari, da sunayen da ya ba ayyukansa, irin su "Auren gidan mai goro" da "Sunan da aka yi ruwa". Na zauna a kujerarsa. Abin da na riƙa gani yana yi ta bayan kafaɗarsa, shi na dinga gwadawa, in ɓata, in sake. Gwaggo ba ta taɓa yi mini dariya ba. A haka na koyi haɗa kaset na biki, kuma da yake ni mace ce, ina shiga har ƙuryar ɗakin amarya inda namiji ba ya kaiwa. Da ita na ciyar da marayu, da ita na sa su lakkol.

Ciwon ajalinta ya fara ne a hankali. Zamani ya kawo sababbin salula masu ɗaukar bidiyo mai nauyi, wanda katin hoton da ke cikinta ba ya iya ɗauka. Katin hoto shi ne sashen da ke zana duk abin da ido ke gani a ekaran, wato gilashin da ake kallo, nata kuwa na zamanin da ne. Sai ka ga amarya ta ɗaga ƙafa ta tsaya cak, kiɗa ya wuce ya bar ta. Fankar ta koma nishi. Mutane suka fara kai aikinsu Maraɗi, wasu su gaishe ni a hanya suna ɓoye kile, ɗan abin da ake ɗaukar hoto da bidiyo a ciki, a tafin hannu.

Ana haka wata mata mai suna Inde ta zo daga Safo. Ni na ɗauki bikin ɗiyarta Bilki da wata salula da aka ara mini. A wurin bikin nan, Kawu Arziki, tsohon da ya riƙe Inde tun tana yarinya, ya jefar da sandarsa ya shiga fili ya taka rawa, mata suna guɗa. Bai yi wata ɗaya ba bayan haka ya kwanta dama. Inde ta zauna a bencin shago ta ce mini, "Zahara'u, dangi za su taru ranar Juma'a wajen sadakar arba'in, har na Najeriya. So nike su gan shi yana rawa, ba yadda ciwo ya maishe shi ba." Na buɗe mata bidiyon. Tsoho ya ɗaga hannu ya sandare, baki buɗe. Ta kawar da kai. Nan take na yi mata alkawari.

Na kira Lawali, wanda ke gyaran salula da kwamfuta a Maraɗi. Ya zo da katin hoto na hannu, mai fanka biyu, kusan tsawon damtsen yaro. Sai da ya kauda wayoyi kafin ya shiga cikinta. Aka kunna. Ekaran ya yi baƙi ƙirin, Gwaggo ta yi wani kuka da ban taɓa ji ba, "tiiit, tit-tit-tit", ta yi shiru. Lawali ya ce mini akwai wani ɗan karatu da aka haife ta da shi, sunansa biyos, shi ke tashinta da safe ya gabatar mata da duk abin da aka haɗa mata. Nata tsohon karatu ne, katin kuwa da sabon yare yake gaisuwa, don haka ba su gane juna ba. Magani shi ne a sabunta mata karatun, amma in kuran ya ɗauke ana cikin yi, ba za ta ƙara farkawa ba har abada.

Maƙwabcinmu Ɗan Baba mai sayar da ƙanƙara ya tada gurup ɗinsa, injin ba da wuta, ya jawo mana waya, ya tsaya kansa da galan a hannu. Aka mayar da tsohon kati aka fara. Wani ɗan layi ya riƙa tafiya a ekaran kamar hawainiya, ni kuwa ina jan carbi. Ta mutu, ta tashi, ta ce "tiit". Da aka sake sa sabon katin, haske ya kawo. Ɗan Baba ya leƙo ta taga yana cewa, "Tsohuwa ta sha da ƙyar!"

Ashe da sauran rina a kaba. Katin yana da baki mai ramuka shida, yana neman wayar wuta tasa ta kansa, akwatin wutar Gwaggo kuwa ba shi da irin wannan waya, kuma ƙarfinsa na aikin ofis ne. Ba a iya sauya shi da na kasuwa ba, don masu ƙera ta sun yi mata bakin haɗi nata na daban. Lawali ya share gumi ya ce, "Maman Farida, wanga kati ci gare shi. Ki ba ni mako in aika Kano a nemo akwati mai ƙarfi da abin haɗa shi." Na ce masa Juma'a jibi ce. Sai ya fiddo wata ƴar waya mai kai biyu da ke satar wuta daga wayoyin faifan ajiya, inda duk ayyukan shago suke, ta kai wa katin. Ya ce wani lokaci tana riƙewa. Mu biyu muka yarda. Ba na ɗora wa kowa, kuma ina roƙon jama'a su daina tsayar da yaron nan a hanya da tambaya.

Ina so a sani cewa marigayiya ta ga alheri kafin ta tafi. Yinin Laraba ta koma yarinya. Bilki ta taka lafiya lau, zaren gyalenta ɗaya-ɗaya ana gani. Kawu Arziki ya jefar da sanda, ya juya, ƙura ta tashi a ƙafarsa daidai da kiɗa. Na yanka, na jera, na sa sunaye, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ranar Alhamis da hantsi na ba ta umarnin ƙarshe, ta haɗa aikin duka ta fitar, wanda shi ne mafi nauyi. Fankokin suka ɗauki "wuuuu" kamar iskar hadari. Aikin ya wuce rabi, sai na ji ƙauri. Kafin in kai hannu ga waya, ta ce "tas!" Wani siririn hayaƙi ya fito ta bayanta. Shagon ya yi tsit, irin shirun da ban ƙara ji ba tun ranar da aka fita da mai shi.

Lawali ya buɗe ta. Akwatin wuta ya ƙone, kuma bai tafi shi kaɗai ba, ya ja babban allon da komai ke dafe a jikinsa. Ya ce, "Kayan Yaya ne na kashe." Na ce masa ya yi shiru, kwana ne ya ƙare. Ya ciro faifan ajiya ya naɗe a hularsa, ya hau moto zuwa Maraɗi. Bayan la'asar ya kira ni yana kuka da dariya a haɗe: faifai yana da rai. Wani abokinsa ya ara masa kwamfuta suka ƙarasa aikin. Ranar Juma'a aka kalli Kawu Arziki a Safo, an ce har maza sun share ido. Inde ta zo mini gaisuwa da ƙwaryar wake, ta tsaya gaban teburin ta ce, "Allah Sarki, a kan aikina ta tahi."

Marigayiya ta rasu ta bar ekaran guda, mai tabo a kusurwa. Da allon rubutu wanda yatsun Kabiru suka cinye wa haruffa. Da injin buga hoto, wanda tun ranar bai ce uffan ba. Da faifan ajiya, da ke jinya wajen Lawali. Ta bar ni da yara uku da shago a rufe. Katin hoton, wanda ko ƙwarzane bai yi ba, an mayar da shi inda Lawali ya samo shi. Ba mu riƙe shi a zuci ba, ba ma dai son ganinsa.

Na tambayi liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma na karɓa. Za a fitar da ita ranar Asabar bayan la'asar daga shagon da ke bakin tasha. Ɗan Baba ya ba da amalanken jakinsa, za a kai ta wajen masu sayen tsohon ƙarfe, a lulluɓe, ba a jefa ta ba. Ba a buƙatar kuka mai sauti.

Washegari Lahadi, tun daga safe, za a yi rabon gado. Lawali zai zo da faifan da kwamfutar aro. Duk wanda aka taɓa ɗaukar wani nasa a shagon nan, musamman waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya zo da kile ko salula ya karɓi rabonsa, ba a biyan komai. Na ga yadda fuskokin gari guda suka kusa tafiya cikin hayaƙi ɗaya, ba zan ƙara riƙe su ni kaɗai ba.

Sai roƙo guda. Lawali ya bincika faifan tun daga farko har ƙarshe, akwai kowa a ciki ban da Kabiru, don kullum shi ke bayan kamara. In akwai wanda salularsa ta taɓa kama shi a gefen wani biki, ko a cikin wani madubi, ko da muryarsa ce kawai yana cewa "ku matso, ku matso", don Allah ya taho da ita. Autana bai san fuskarsa ba.