Ranar da Na Nemi a Rage wa Habibu Girma

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar awon nan a asibitin garinmu ba.

Abin ya faro ne da Inna, mahaifiyata. Wani ƙullutu ya fito mata a nono, muka yi ta shafe-shafe bai tafi ba, sai na raka ta babban asibiti a Kano da ɗana Habibu a baya. Likitan ya ce ciwon daji ne. Ya ce a jikin kowa akwai wasu sinadarai kamar 'yan aike, masu gaya wa ƙwayoyin jiki su rabu su ƙaru. Su ne ke sa yaro girma, kuma ƙullutun Inna ma da irin wannan aiken yake ƙaruwa. Daidai nan Habibu ya tsala kuka, na fita da shi. Sauran bayanin ni da kaina na ƙarasa shi a mota (ni da ban gama firamare ba).

Shi kuwa Habibu, tubarkalla, wuya ma ba shi da shi. Rigar da aka ɗinka masa da ƙaramar salla ta ƙi shiga kafin babba. Na ce wallahi 'yan aiken nan sun yi yawa a jikin yaron nan, kuma ba zan zauna ina kallo ba. Na tsinke zaren buhun taki ina gwada cinyarsa kowace safiya. Na tsinka masa kunun gyaɗa ya koma kamar ruwan wanke ƙwarya. Idan maƙwabciyata Ladidi ta ce, "Kai, yaron nan kamar ana hura shi!" sai gabana ya faɗi.

Ranar awo mata sun cika rumfa, har da na ƙauyukan gefe. Malamar asibiti ta rataya Habibu a sikeli, ta ce, "Maman Habibu, bai ƙaru sosai ba wannan watan."

Na ce, "Alhamdulillahi!" da ƙarfi, har da ɗaga hannu. Ban tsaya nan ba. Na gyara mayafi na ce, "Malama, don Allah ki ba ni maganin da zai rage masa girma gaba ɗaya, kar ya zame masa ciwon daji."

Sai wata tsohuwa ta ce, "Yarinya, mu da muke sayar da kaza don namu su yi kumari?" Ladidi ta faɗi a kan tabarma tana cewa, "To ba ni aron cinya ɗaya in liƙa wa nawa!" Na ji kamar in shige sikelin in rataye kaina.

Malama kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni abin da nake ba shi, na faɗa. Faɗan da ta yi mini ko Inna ba ta taɓa yi mini irinsa ba. Sannan ta ce, "Kin ga ruwan madatsar Watari? A buɗe wa gona, ta sha, a rufe. Haka girman ɗanki yake. Ciwon Innarki kuwa, ƙwayar ce ta lalace, tana jin 'ƙaru' ko ba a aiko ba, ba ta jin 'tsaya'. Yunwa ba ta hana shi. Yaron kawai za ki ramar."

A ranar ya sha kunu mai kauri har cokali na tsayawa a ciki, ina ba shi ina hawaye.

Har yau ni ke raka Inna, tana karɓar magani kuma muna sa rai. Amma yanzu ko Habibu zai tsaga rufin asibiti da kuka, ba na motsawa sai likita ya kai aya, in kuma maimaita masa abin da na ji. Da likitan ya hango ni a layi yake gyara zama.