Butar Hannun Dama

Ba zan taɓa mantawa da ranar da buta ta ci mutuncina ba, kuma butar da ni na zana ta da kaina. Ina ajin ƙarshe a wata makarantar fasaha a Kaduna, wajen ƙarshen shekarun casa'in, aka kawo wa sashenmu kwamfuta guda biyu. Aka ajiye su a ɗaki mai sanyi, sai ka cire takalmi kafin ka shiga (ko ofishin shugaban sashe bai samu wannan girmamawa ba). A cikinsu kana iya zana abu, ka jujjuya shi, ka ga gabansa da bayansa kamar yana hannunka. Ni kuwa na iya jujjuyawa. Cikin wata biyu na fara kallon masu zane da fensir da tausayi.

Aikin ƙarshe shi ne kowa ya zana wani kayan amfanin gida, a ƙera shi, ya kare shi a gaban malamai. Wanda ya faɗi ba zai fita da 'yan ajinsa ba. Babana kuwa ya riga ya shaida wa duk unguwarmu ta Abakpa cewa bana ɗansa zai fito injiniya.

Abokaina suka zaɓi kujera da murhu. Ni na zaɓi in ceto al'umma daga mummunar buta. Na yi mata jiki kamar ƙwai, da dogon baki siriri mai cilla ruwa nesa. Mariƙin na ɗauke shi daga baya na mayar da shi gefen dama, har da gurbin yatsu huɗu da na auna da hannuna. In na jujjuya ta a kwamfuta, sai in ji kamar in yi wa kaina tafi.

Na ɗauki zanen na kai kasuwar Panteka wurin Baba Ilu, wani dattijo mai zubin tukwanen alminiyam. Ya daɗe yana kallon takardar.

"Injiniya, ta shayi ce?"

"Ta alwala ce, Baba."

"To. An gwada ta?"

"An gwada ta a kwamfuta."

"Ita kwamfutar tana alwala?"

Na yi dariyar da ake yi wa wanda bai je makaranta ba, na ce ya yi yadda aka zana kawai. Ya ce an gama. Ya sassaƙa ta da itace, ya danna a yashi, ya zuba narkakken alminiyam, ta fito daidai da zanen, ko gashi bai kauce ba. Na goge ta har tana ɗaukar ido, na naɗe a tawul. Ban zuba mata ko ɗigon ruwa ba, kada ta yi tabo.

Ranar kare aiki na sha farin yadi. Babban mai jarrabawar wani tsoho ne daga Zariya, marar yawan magana. Na yi minti ashirin ina zuba Turanci a kan kyawun siffa da makomar buta a Afirka. Da na gama, ya dubi agogonsa.

"Madalla. Azahar ta kusa. Bismilla, yi mana alwala da ita."

Aka cika ta da ruwa, aka fito baranda, duk ajin suka biyo. Na tsugunna, na kama ta da dama, yatsuna suka zauna a gurbinsu cif. A nan na tuna abin da nake yi sau biyar kullum tun ina yaro: hannun dama ake fara wankewa, hagu ke zubawa. Na mayar da ita hagu. Mariƙi ya koma hagu, bakin buta ya juyo yana kallon cikina.

Mai hankali da ya tsaya ya ce an samu kuskure. Ni na lanƙwasa wuyan hannu, na ce zan ci ƙarfinta. Siririn bakin nan ya yi aikin da na zana shi ya yi, ya cilla ruwa daidai gaban wandona. Na firgita na fizge, murfi ya faɗo, sauran ruwan ya bi na farko. Farin yadi kuwa ba ya rufa wa kowa asiri.

Tsohon ya gyara tabarau ya ce, "To, tsarki ya samu. Saura alwala."

Wallahi har masu share baranda sai da suka yi dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Aka ba ni mako shida in sake. 'Yan ajinmu suka fita suka bar ni, Babana ya rinƙa gaya wa mutane wai an riƙe ni ne don ƙarin bincike. Binciken dai shi ne zama a ƙofar wani masallaci a Kawo ina kallon yadda mutane ke sauya buta daga hannu zuwa hannu, har ladan ya fara zargin takalma nake haƙo. Da na sake zanen, na kai aka zuba, sai ta fito sak irin wadda ake sayarwa a kasuwa. Da ita na ci, da ƙyar.

Tun daga nan, in na ga abu ya shekara ɗari ba a canja shi ba, na daina ɗauka ni yake jira.