Wandon Gudu Daga Abijan

Wani ne a Garhanga, zamanin da ƙungiyar matasa ta Samariya ke tashe. Dogo ne siriri, ƙafafu kamar na zalɓe, kuma ba abin da yake so a duniya irin rajiyo. Sai ga shela: za a yi tseren gudu a Buza, wanda ya zo na ɗaya ya ɗauki rajiyo sabuwa fil.

Ana haka taubashinsa Alƙasim ya dawo ci-rani daga Abijan. Mutumin ya je barka da zuwa, ya tarar da wani ɗan gajeren wando shuɗi a kan igiya yana ƙyalli.

"Taubashi, wanga na wane yaro ne?"

"Yaro? Kai dai baƙauye ne," in ji Alƙasim. "Kilot ke nan, na manyan 'yan gudu. Taɓa ka ji."

Ya taɓa. Santsi kamar bayan tarwaɗa.

"Ba ya da nauyi, ba ya riƙe zuhwa, ba ya kecewa," in ji Alƙasim. "In ka sa shi, mancewa kake da ka sa wani abu."

"Saida min!"

"Ba ka iya sayen shi."

Kafin la'asar, mutumin ya jawo ragon da ya turke don Layya, ya ɗaure a ƙofar Alƙasim, ya koma gida da wando a aljihu.

Matarsa Furera na daka ya fito daga ɗaki sanye da shi, gwiwoyi waje. Ta aje taɓarya.

"Maigida, ina sauran?"

"Sauran mi?"

"Sauran wandon."

"Ke ba ki san kaya ba. Haka anka yi shi."

"To ina ragonmu?"

Ya nuna ƙugunsa.

Furera ta tafa hannu. "Rago guda ga iyakar cinya! Allah ya so mu bai kai idon sawu ba, da sa guda za ka ba da."

Bai kula ta ba. Ya shiga gari yana taku ɗai-ɗai. Abu guda ne kawai ya dame shi: wandon ya cika daɗi. In ya yi 'yan taku sai ya ji iska na ratsa shi, ya zaci wandon ya zube, ya kai hannu ya shafa. In ya ji yana nan, sai ya ce alhamdu lillahi ya wuce. Tsofaffin bakin masallaci har suka fara tambaya ko kunama ce ta harbe shi.

Ranar tsere Buza ta cika maƙil. Mushen lakwal, malamin makarantar da ke kula da tseren, ya jera samari, ya nuna musu hanya: a zagaya ta bayan garaken albasa a dawo bakin kasuwa. Ya busa usur.

Wallahi mutumin ya yi gudu. Ko wandon ne, ko tunanin ragon ne, sai ga shi a gaba, saura na cin ƙurarsa. Har ya fara jin kiɗan rajiyo a kunnensa.

Da ya karyo kwanar garake, mata masu dawowa daga rijiya suka gan shi shi kaɗai a gaba. Suka rangaɗa guɗa, suna nuna shi da hannu.

"Ku dube shi! Ku dube shi!"

Mutumin ya ji iska ta ko'ina. Ya ce a ransa, shi ke nan, ta faru, wando ya zube a hanya. Ko dubawa bai tsaya yi ba. Ya sa hannu ɗaya gaba, ɗaya baya, ya saki hanya, ya yi tsalle zai faɗa cikin garka ya ɓuya. Sai wani reshen bagaruwa ya cafke shi ta ƙugun wando, ya ɗaga shi sama.

Wandon kirki da tuni ya kece ya sake shi. Wannan ko gezau. Ga mutum rataye yana lilo kamar salka, 'yan tsere na wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na ce masa sannu da hutawa.

Sai da aka ba wani ɗan garin Babankatami rajiyo, aka watse, sannan jama'a suka taru a gindin bagaruwa. Aka ja ƙafafu, ya yi ƙara. Aka tura shi sama, ƙaya ta ƙara shiga, ta haɗa wando da fatar cinya ta ɗinke.

Mai garkar, wani dattijo Ɗanlami, ya zaro wuƙarsa ta yankan albasa.

"Yi haƙuri, ɗana. Ɗan tsagawa kaɗan zan yi wa wandon, ka sauko."

Mutumin ya zaro ido, ya dafe wandon da hannu biyu.

"A'a, Baba! In yanka ya zama dole, yanka ta wajen cinyar. Ita tana warkewa!"