Binciken Mudassir da Ragon Iya Kande

Abokinmu Mudassir yana digiri na biyu, bincikensa kuwa a kan yadda kamfanonin sada zumunta ke bin diddigin mutum duk shafin da ya leƙa a intanet. Ya ishe mu da wannan magana a majalisa, har shayi ba ya shawuwa. Rannan ya ce zai yi gwaji. Tasa wayar ya cika ta da matakan tsaro, sai gogan ya ari ta amaryarsa Rumasa'u, ya yini yana neman kayan jarirai da maganin laulayi, don ya ga ko talla za ta biyo baya. Ta kuwa biyo. Duk inda Rumasa'u ta buɗe, sai zanen goyo da bahon wanka.

Ana haka kakarsa Iya Kande ta zo ganin ɗaki. Aka miƙa mata wayar ta kalli hotunan biki, sai ga tallar kayan jarirai ta faɗo. Iya ba ta karatu, amma hoto ba ya yi mata gardama. Ta dubi amarya ta ce, "'Yar nan, ko dai an samu?" Kunya ta kama Rumasa'u, ta ja mayafi ta rufe fuska. A wurin Iya an gama magana.

Kafin Juma'a dangi na Funtuwa da na Malumfashi duk sun ji. Iya ta aiko da tsamiya da gero, ta sa aka ɗaure ragon suna a tsakar gidanta. Rumasa'u ta ce wa Mudassir ba za ta sake fita ko biki ba sai ya je ya kwance abin da ya ƙulla. Ni na raka shi, kuma wallahi tausayi ya ba ni, don tun a hanya yake haɗa gumi.

Ya durƙusa ya ce, "Iya, babu fa komai. Bincike ne na makaranta. Ni na yaudari kamfanin, ya zaci akwai ciki."

Iya ta ce, "Kamfanin a ina yake, maigidan?"

"Can ƙasar Turawa, Iya. Kuma kin ga gwajin ya yi kyau ƙwarai, ko yini ba a yi ba suka fara turo tallar kayan haihuwa."

Iya ta dubi ragon yana ta cin harawarsa, ta dubi jikanta sama da ƙasa, ta ce:

"To madalla. Turawa sun yi nasu, ni na yi nawa, rago ma ga shi ya shirya. Duk cikinmu kai kaɗai ne ba ka yi aikinka ba."